Elias Kafinta da Mutanen Listira

Elias kafinta ne a Muchia, kuma tun gashinsa yana baƙi shi ke jan nazarin Littafi Mai Tsarki a cocinsu na Sabon Gari. Ba wanda ya taɓa sha masa gaba, sai a 2004 da Japheth, wani ɗalibin jami'a daga Samaru, ya fara zuwa.

A damunar shekarar Mama Bibiana mai tuyar ƙosai ta kwanta ciwo. Elias ne ya goya ta a babur har asibiti, shi ya yi ta zirga-zirgar magani. Japheth sau ɗaya ya leƙa, ya ɗora mata hannu ya yi addu'a. Da ta miƙe sai ta shiga gari tana cewa hannun yaron ne ya tashe ta. Ta kai masa doya da zakara. Mata suka fara tare shi a bakin coci suna shafa rigarsa.

Ranar nazari Elias ya buɗe labarin Bulus da Barnaba a Listira, inda gurgu ya warke, mutanen garin suka ɗauka allolinsu ne suka sauko, har suka jawo bijimai za su yanka musu.

"Manzanni yayyage rigunansu suka yi don baƙin ciki," in ji shi, idonsa a kan Japheth. "Na yanzu kuwa guga suke ƙara wa tasu."

Japheth ya tashi. "Gaskiyarka ce, Baba. Ni mutum ne kamar kowa. Mama, gobe zan maido miki da zakaranki."

Nan coci ya kaure da tafi, ana ta yaba tawali'un yaron.

A gida Elias ya ture tuwo. Matarsa Keziya ta ce, "Maigida, ka fito fili mana. Zakaran kake so?"

"Ni na kai ta asibiti!"

"Na sani, Allah ma ya sani."



Da Japheth ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa, matan zumuntar coci suka wanko hotonsa, suka roƙi Elias ya yi masa firam. Ya zaɓi katako mai kyau, ya goge shi har yana sheƙi, don bai iya aikin banza ba. Sannan ya kafa shi a bayan ƙofar coci, inda sai an rufe ake ganinsa.