Farashin gero da lambar wayar Baba

Yau a biro, wato ofishinmu, aka miƙo min bayanin wata manhaja in ba shi maki. Aikina ke nan tun da na gama jami'a: duba bayanan da AI, mataimakin nan na cikin waya, ke karantawa kafin ya yi amfani da manhaja.

Wannan ta farashin gero ce a kasuwar Takieta. Amma layin ƙarshe ya ce: "Fara turo lambar wayar manomin."

Na ce wa shugabana, "Shef, me ya haɗa gero da lambar waya?"

Ya ce, "Malama, rubutu ya yi kyau, sa hannu. Har yanzu gwaji kike, fa."

AI ba ya tambayar dalili, abin da aka rubuta yake bi. Babana ma manomi ne, ta waya yake tambayar AI farashi.

Ban sa hannu ba. Ku da kun sa?