Ranar da Na Goge Rubutun Baban Ƙawata

Shekarun baya, lokacin da na fara gyare-gyare a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa wa hannu, kaina ya yi wani irin girma. Gyaran da na yi bai taka kara ya karya ba, amma ji nake kamar ni na gina ganuwar Kano. In na ga kuskure ba na wucewa, kuma ba na gyarawa shiru, sai na bar magana.

Wata rana na ci karo da sabuwar maƙala a kan wani fim na almara da na kalla ya fi sau biyar. 'Yar maƙeri ce ta tafi ƙwato ruwan sama daga hannun wani matsafi, wani mayaƙi mai hannu ɗaya yana yi mata rakiya. Hausar maƙalar tas, amma a ƙarshe an rubuta wai mayaƙin ya mutu a bakin kogo. Ni kuwa da kunnena na ji an ce sun koma gida an ɗaura musu aure. Nan take na goge sashen labarin kaf, na zuba nawa. A ɗan akwatin da ake bayanin gyara na rubuta: "Don Allah wanda bai kalli fim ba ya daina ɓata mana lokaci."

Bayan kamar sati biyu na je gidan su ƙawata a Soron Ɗinki. Muna tsintar shinkafa take ce min Babansu ba ya jin daɗi. Tsohon malamin makaranta ne, tun da ya yi ritaya zaman soro ya ishe shi, shi ne ta koya masa rubutu a kundin ko ya samu abin ɗebe kewa. Ya zaɓi fim ɗin da jikokinsa suka fi so, ya yi sati uku yana bugawa da yatsa biyu.

"Kin san wani marar tarbiyya ya zo ya goge masa?" in ji ta. "Har da baƙar magana. Tun ranar ya rufe kwamfutar, ko kallonta ba ya yi."

Ta ɗauko waya ta karanto min maganar. Tawa ce, kalma da kalma. Da laƙabi nake rubutu, ba ta san ni ce ba. Da ƙyar na ce, "Amma kin tabbata Baba ya kalli fim ɗin har ƙarshe?"

"Na Turancin ya kalla, yana tsayarwa yana rubutawa a littafi."

Sai a lokacin na tuna nawa fassarar Hausa ce. Daga gidan ban zame ko'ina ba sai shagon masu tura fim a Gwale, na sa aka tura min na asalin. Ashe mai fassarar ne ya datse ƙarshen, ya ɗaura musu aure da bakinsa don kada ran masu kallo ya ɓaci. Mayaƙin ya mutu a bakin kogo, kamar yadda Baba ya rubuta.

A ranar na mayar da rubutunsa yadda yake. Sai dai maganata tana nan a tarihin shafin, ba ni da ikon goge ta. Na kira ƙawata ina ta kame-kame, na ce na leƙa na ga an dawo da aikin Baba. Ta faɗa masa. Wai cewa ya yi, "To, madalla," ya ci gaba da jin rediyonsa.

Kwana huɗu na yi abinci ba ya shiga. Duk sanda sunanta ya fito a wayata sai in ce shi ke nan an gano. Tsoron kunya yana nan, amma abin da ya fi damuna shi ne dattijon nan ya bar rubutu saboda ni. Na ce wa kaina ƙila in ya ji ba wani masani ba ne ya kushe shi, yarinyar da ke cin tuwon gidansa ce, zai dawo.

Rana ta biyar bayan la'asar na same shi a soro. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ce na goge maka aiki. Ni na rubuta maganar nan." Na kwashe komai na faɗa, har auren da mai fassara ya ɗaura.

Ya rage rediyon, ya dube ni. Can ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai ƙarshen naku ya fi daɗi. Ba komai, 'yata. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Na ce, "To Baba, ka dawo ka ci gaba mana. Wallahi hannunka ya fi nawa."

Ya girgiza kai. "Shekara talatin na yi ina jan jan biro a littattafan yara, ina rubuta musu abin da ya fi naki zafi. Kwanakin nan ba ke nake tunani ba. Tunani nake yara nawa ne suka ajiye biro saboda ni."

Ƙawata, da ashe tana bayan ƙofa tana ji, ta yi wata guda ba ta ɗaga wayata. Daga baya muka shirya.

Har yanzu ina gyara, kuma na iya bakina. Ko mutum ya rubuta shirme, gaisuwa nake fara yi masa, sannan in tambaye shi inda ya samo. Baba yana nan da ransa, in na je gidan har tsokanata yake, wai ga mai gyara ta iso. Ya yafe min, na sani. Amma nakan buɗe shafinsa lokaci-lokaci ko zan ga ya ƙara wani abu, kuma har yau maƙala ɗaya ce.