Zaren da Yaya Harisu Ya Bari

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Harisu, kuma a makon nan baladiyya, hukumar gari, ta shafa jan fenti a bangon gidanmu na unguwar Mahjar, nan Jidda. Titi zai bi ta kansa.

Mai gyaran kahraba ne Yaya, wato wutar lantarki, ni kuwa tela. Wani khawaja, Bature, da ya yi wa aiki a tashar jirgin ruwa, da zai koma ƙasarsu, ya ba shi ɗan jirgin ƙasa na wasa, irin mai hannu a ka da ke shafar waya ta sama yana shan wuta. Shi ke nan, muka rasa Yaya, jirgi ya ɗauke masa hankali. Ya kafa katako ya cika ɗaki guda, ya shimfiɗa layin dogo, ya koma dasa ƙananan falwayoyi. Ina ce masa, "Yaya, gemu ya fara fari, kana wasan yara?" Sai ya ce, "Yalla, riƙe min zaren nan, ka rage surutu."

Da zarena yake awo. Dogo yana lanƙwasa, waya kuwa miƙewa kawai ta sani, don haka a kwana in falwayoyi suka yi nisa da juna, hannun jirgin sai ya zame, jirgi ya tsaya cak. Sai ya buga ƙusa a duk inda yake zaton falwaya za ta zauna, ya ja zare, ya tura jirgin a hankali yana leƙe da ido ɗaya. In bai yi ba ya buga wata ƙusar, ba ya cire ta farko. Haka ya gama da kowace kwana. Mararraba ce ta ba shi wuya, inda dogo ya rabu biyu kuma dole wayoyi biyu su haɗu ba tare da sun harɗe hannun ba. Ƙusoshin wurin sun fi arba'in. Ranar da ya dace, ya kira ni yana dariya: "Halas, na samo ta! Waya kawai ta rage." Bai sa wayar ba, zazzaɓi ya riga shi. Yana kwance na ce masa zan ƙarasa.

Ban ƙarasa ba. Na kulle ɗakin, kullum ina cewa sai bayan Hajji in ɗinki ya ragu.

Da zai ga Jidda yau, ban san me zai ce ba. Ko'ina tona ake yi, ana rushewa, ba mai tsayawa ya ja zare. 'Ya'yansa sun girma, in na yi musu zancen jirgin da Hausa, da Larabci suke amsa min, su ce ammi, wato baffa, a bar wa mai gwangwan.

Shekaranjiya na buɗe ɗakin don in kwafe awon a takarda kafin a zo rusau, tunda Yaya bai taɓa rubuta komai ba. Wayoyin sun yi tsatsa saboda raɓar teku. Zaren yana nan a mararraba, ya zagaye ƙusoshin da ya zaɓa. Ni da na shekara talatin ina taɓa zare, wallahi na san abin da zare yake zama in ya tsufa, amma na kai yatsa. Ya marmashe, ya zube kamar toka.

Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Allah ya jiƙanka, Yaya. Ƙusoshinka duk suna tsaye, ban san waɗanne ne ka zaɓa ba.