Yaya Ilu da Gaisuwar Ƙafa

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai yayana Ilu makwancinsa a Kiyako. Bai san baƙi ba, ni ma sai bayan rasuwarsa na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bana na fi tuna shi fiye da kowace shekara, domin jarabawar da ya ci ita ce yanzu take neman kayar da ni.

Ilu ɗan kokawa ne. Kakar da ta biyo bayan samun 'yancin kai aka gayyace su wasa a Maruta, ƙasar Gwaram, wani ƙato ya ɗaga shi ya buga da ƙasa, ƙugunsa ya goce. A motar gyaɗa aka dawo mana da shi. Maɗori ya ce ƙashi zai kama, amma in bai riƙa takawa ba ƙafar za ta bushe.

To, a wurinmu magidanci ba ya tafiya haka kawai. Duk wanda ya gamu da kai sai ya tambayi inda za ka, in ka ce ba ko'ina, kafin la'asar an ce iska ta taɓa ka. Sai Ilu ya mai da tafiyarsa gaisuwa. Da safe ya zaɓi mutum ɗaya, ya ɗauki sanda. Ya fara da Inna Dije, tsohuwar da ke bayan dangarmu. Da ƙafar ta saba, ya ƙara da wani marar lafiya a unguwar maƙera, daga nan sai rugar Fulani. Wani lokaci ya dawo gumi sharkaf, amma washegari ya fita.

Na taɓa ce masa ya sa wa ransa kasuwar Birnin Kudu mana, buri mai girma ya fi ja. Ya yi dariya ya ce, "Kai Sule, Birnin Kudu ba ta san ina zuwa ba. Inna Dije kuwa in ban je ba, sai ta aiko a ji ko lafiya." Sannu ba ta hana zuwa: damina ta biyu da ƙafarsa ya ci kasuwar, ba sanda. Sanƙarau ne ya ɗauke shi daga baya, ƙafar tana ras.

Ni yanzu masinja ne a wani ofis a Birnin Kudu. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa na sayi babur kamar kowa, har masallacin unguwa a kansa nake zuwa. Tumbi ya fito, ana ce min na ji daɗi. Bara hannuna na hagu ya fara tsami. Likita ya ce jinina ya hau, in ban rage gishiri na riƙa tafiya ba, ɓarin jikina zai iya shanyewa. Haka mahaifinmu ya ƙare, a kwance ana juya shi. 'Ya'yana kuwa ko babbansu bai isa riƙe gida ba.

Na gwada, amma zamanin ya fi na Ilu wuya. Ba na yin nisa sai mai babur ya taka birki: "Malam Sule, naka ya lalace ne? Hau mana." Maiɗakina ta ce maƙwabta suna tambayarta a ɓoye ko mun sayar da babur ɗin. Kunya ta mai da ni kan sirdi. Nakan tambayi kaina abin da Ilu zai ce in ya ga mutane suna gaisawa da ƙahon babur, suna wucewa. An ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa mun ɗora ta a kan taya, jikinmu yana biyan kuɗin.

Makon jiya na ɗauki dabararsa. Na zaɓi Malam Audu, abokin karatuna a ajin manya, wanda ciwo ya kwantar a can bakin gari. Ban yi rabin hanya ba sai ga surukina a kan babur. Ba a yi wa suruki musu a titi, na hau ina jin haushin kaina. Da zan fito Malam Audu ya riƙe hannuna, wanda ke tsamin, ya ce, "Gobe ma ka leƙo, wuni yana min tsawo."

Ƙarfin Ilu yana cikin ƙasa, masu kiɗa masa sun tsufa, yaran Kiyako ba su san sunansa ba. Abin da ya rage min nasa shi ne sanin cewa ƙafa ta fi tashi idan akwai mai jiran ta. Allah ya jiƙansa. Hannun bai daina tsami ba, ban kuma san ko na makara ba. Amma Malam Audu yana jira, kuma na gano wata hanya ta cikin gonaki, inda babur ba ya shiga.