Hannun Katako

Yayata ba ta taɓa karɓar haihuwa ba, amma a layinmu kowa Ungozoma yake kiranta, har jikokinta. Sunan daga wurin aiki ya biyo ta gida. Ni dai Yaya nake ce mata, ita kuma Auta take ce min, duk da furfurar da ta cika min gemu. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, saboda haka ba ni da bakin ƙorafi.

Wani ɗan ƙaramin kamfani take yi wa aiki, ɗaki biyu da baranda a bayan shagon mai gyaran firji. Injin ƙyanƙyasar ƙwai suke haɗawa. Mai wurin, wanda kowa ke ce wa Injiniya, shi yake zana allon lantarkin da ke cikin injin, wani koren abu kamar tafin hannu. A tsakiyar allon akwai 'yar baƙar ƙwaƙwalwa da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Ita ce ke lura da zafi, ta juya ƙwai, ta kunna fanka. Sai dai in an liƙa ta a kan allo fanko take zuwa, ba ta san komai ba, sai an ɗura mata manhaja daga kwamfuta. Ɗurin nan shi ne aikin Yaya tun Injiniya yana haɗa inji ɗaya a wata.

Kayan aikin nata in ka gani sai ka yi dariya. Hannun tsohon buroshin haƙori ne aka yanke kansa, aka dasa masa allurai shida masu sifirin, wato masu lotsawa in an danna, da waya da ta tafi wani ɗan akwati, daga nan zuwa kwamfuta. A gefen allo akwai ɗigo shida na tagulla, kowanne bai fi ƙwayar gero ba. Za ta saita alluran a kan ɗigon, ta danne, ta taka wani maɓalli da ƙafa, sai ta ɗauke numfashi. Ba motsi, ba tari, ko ƙuda ya sauka mata a hanci sai dai ya gama abin da ya kawo shi. In koriyar fitila ta kama, sai allon ya yi ɗan kuka, tsit, kamar ɗan tsako. Daga kukan nan aka sa mata suna Ungozoma.

Na sha zama a gefenta in na kai musu akwatunan injin, don ni kafinta ne, ni nake yi musu. Ina tsokanarta ina cewa ana biyanta don ta riƙe buroshi. Ba ta ko ɗago kai, sai fitila ta kama sannan ta ce, “Zo ka riƙe, mai baki.” Na gwada sau ɗaya. Jar fitila ce ta kama, wani ɗan wari ya tashi, Injiniya ya dafe kai. Ashe in allura ta zame ta taɓa ɗigon maƙwabciyarta, ƙwaƙwalwar ƙonewa take yi. Ma'aikatan wurin duk sun gwada sun haƙura. Hannun Yaya ne kaɗai ba ya gardama, shi ya sa teburin da ke bakin taga ya zama nata, ba mai zama a kujerarta ko ba ta nan.

A gida na fara lura. Ta daina shan shayi a gaban mutane. In an miƙo mata abu sai ta ce a ajiye. Hannun damanta kullum yana cikin mayafi ko ƙarƙashin cinya. Ran nan na shiga ɗakinta ba ta ji sallamata ba, na tarar tana fama da zare da allura, hannun yana kaɗawa kamar ganye. Ta ganni, na ganta. Ta ce, “Sanyi ne.” A ranar kuwa ko jariri ba a sa wa riga. Daga baya 'yarta ta faɗa min sun je asibiti, likita ya ce rawar ba za ta tafi ba, sai dai magani ya rage mata gudu.

A wurin aiki dabara ta koma yi. Ta kan tallafe hannun dama da na hagu, ta jingina gwiwar hannu da tebur. Jar fitila ta yawaita, amma tana sakewa kafin a gani. Ni da na sani ban ce uffan ba. Me zan ce? Teburin nan da shi ta aurar da 'ya'ya, da shi ta yi jinyar mijinta har Allah ya karɓi abinsa. Kuma ba wannan kaɗai ba. Mace ce da ba ta iya zama, in ka raba ta da aiki ka raba ta da lafiya.

Sai wata mata ta zo da kiret ɗin ƙwai a ka. Ina wurin. Ta sauke shi a baranda, ta fasa ɗaya a gabanmu, ga ɗan tsako cikakke har da gashi, amma a mace. Duk sauran haka suke. Injin da ta saya ya yi zafi fiye da ƙima. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi yaranta sun riga sun raba tsakin tun suna cikin ƙwai. Injiniya ya ba ta haƙuri, ya canja mata allo, ya ce wataƙila wutar unguwarsu ce. Ba wanda ya dubi Yaya.

Da yamma sai ga ta a shagona. Ta zauna a kan benci, ta ture ɓawon katako da ƙafa, ta ce, “Auta, ɗurin nan kashi biyu ne. Na farko manhaja, na biyu ma'aunin zafi. In hannu ya ɗaga a na biyu, ba kullum jar fitila take kamawa ba.”

Na ce, “To wa ya ce ke ce? Injiniya da bakinsa ya ce wuta ce.”

Ta ce, “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.”

Daga nan ta faɗi abin da ya kawo ta. Tana son in yi mata wani abu na katako, gindinsa da gurbi daidai allo yadda in an sa ba zai motsa ba, samansa da murfi mai ɗauke da alluran, da ɗan hannu da za a ja ya sauko ya kulle. Har da katangun da za su hana a sa allon a juye. Ta daɗe tana ginin abin a kanta, don ko tsayin sifirin ta sani.

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce, “Yaya, kin san me kike cewa kuwa? In na yi wannan, ko akuya aka koya wa za ta yi aikinki. Me zai sa a ci gaba da ajiye ki? Sabo da kaza ba ya hana yanka!”

Ta ce, “Na sani.”

“Kin sani, kuma ni kika zaɓa in haƙa miki ramin?”

“Kai ne kafintan da na goya. Ko in kai wa wani?”

Na ja aikin iya ja. Yau in ce ba katako mai kyau, gobe in ce bakin injin huda ya karye. Ba ta yi min faɗa ba. Kullum in ta tashi sai ta biyo ta shagon, ta zauna, ta yi min hirar jikoki, idonta yana kan teburina. Ranar da ta ce min da safe ta ƙona allo biyu, ta faɗa kamar mai ba da labarin farashin gawayi, ranar na ɗauko katakon.

Aiki ne mai cin rai. Ramukan alluran in sun kauce da kaurin gashi an yi asara. Ta kawo min mataccen allo muka yi ma'auni da shi. Ni ina hudawa, ita tana tsaye a kaina tana cewa matsa hagu, a'a ka wuce. Na lalata murfi uku ina tsaki. Na huɗu ya zauna daram, in ka ja hannun sai ka ji ƙas.

Muka kai shi da safe. Injiniya ya juya shi, ya leƙa ƙasansa, ya ce, “Anti, wannan fa?” Sai ta fito da hannun damanta daga mayafi ta ɗora a kan tebur ta bar shi. Kowa yana kallon hannun yana rawarsa. Sannan ta ce, “Ƙwan matar nan, ina jin ni ce. Kira min Baba mai gadi.”

Baba mai gadi ya shigo yana goge hannu a riga, mutumin da ko rediyonsa sai an kama masa tasha. Ta nuna masa ya sa allo a gurbi, ya ja hannu, ya taka maɓalli. Koriyar fitila ta kama, allo ya yi kukansa. Baba ya ja da baya ya ce, “La ila! Ni na yi?” Aka kwashe da dariya, har da Yaya. Ya sake yin wani, da wani, duk kore. Nan take aka sa wa abin suna hannun katako.

Injiniya ba mugu ba ne, kuma ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya riƙe ta iya ƙarfinsa. Amma aikin da take wuni a kai ya koma abin da masu haɗa inji ke yi da kansu a tsaye kafin su ɗaura allo. Ya gwada ta a liƙi da dalma, hannu ya ƙi. Ya gwada ta a ɗaure sukurori, haka. Ta zauna a bakin taga tana kallon mutane suna aiki, abin da ta fi tsana a duniya. Ita da kanta ta je ta ce masa ya isa. Ya yi ta roƙo, idonsa ya yi ja, amma ni da ke gefe na ga har da sauƙi a fuskarsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Ni na je na ɗauko ta ranar ƙarshe. Kayanta duka a leda ɗaya suka shiga. Tun da nake sana'a ban taɓa yin aikin da ya yi kyau kamar hannun katakon nan ba, kuma ban taɓa tsanar aikin hannuna kamarsa ba.

Da muka isa gida ta zauna a bakin gado, ta ce ƙishirwa take ji. Na ɗebo ruwa na miƙa mata, na kau da kai yadda muka saba yi mata. Sai na ji ta ce, “Auta.” Na juyo. Ruwan ya jiƙa mata gaban riga, kofin yana bugun haƙoranta. Matar da tun da na buɗe ido ban taɓa jin ta ce wani ya taimake ta ba ta dube ni ta ce, “Riƙe min.”

Na durƙusa na riƙe mata kofin har ta shanye.