Abin da Baffa Ya Roƙa a Tabuk

Jiya ina kwashe kayan Umma daga tsohon akwatinta sai na ci karo da farwar Baba, rigar sanyin nan mai gashin tunkiya daga ciki. Har yanzu ƙaurin hayaƙin itace bai bar ta ba. In ka san Jidda, ka san babu abin da mutum zai yi da irin wannan riga a nan. A Tabuk ya saye ta, shekarar da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya cire shi daga tuƙi ya tura shi kula da gonarsa can arewa, muka bar unguwarmu Kurayyat a nan Jidda muka bi shi. Shekarata tara a lokacin.

Gidan ɗaki biyu ne na bulo a bakin gona, ba mu da maƙwabta sai tumaki. Da sanyi ya kankama duk muka tare a ɗaki guda kusa da murhu. Umma kan ɗumama mana ruwan alwala, amma kafin ka kai ga wanke ƙafa ya huce. Hannuwanta duk suka tsattsage, kullum tana shafa musu man zaitun.

Cikin wannan sanyin muka yi baƙi: aminin Baba, wanda muke kira Baffa, da matarsa, da 'yarsu ƙawata. Katanga ce kawai ta raba gidajenmu a Kurayyat, ni da ita a faranti ɗaya muka tashi. Baba ya yanka kaza, Umma ta tuƙa tuwon shinkafa. Na lura matar Baffa juya cokali kawai take yi a miya, sai na ɗauka gajiyar hanya ce.

Washegari muka buɗe ƙofa, duniya ta yi fari fat. Dusar ƙanƙara ta rufe gonar, ta rufe motar, har bayan tumaki. Babu wanda ya taɓa ganinta a cikinmu. Baba ya ce mu fito mu taka. Iyayenmu mata suka zauna gida, mu huɗu muka kama hanyar da ta nufi duwatsu. Ƙanƙarar na ƙara a ƙarƙashin takalmi kamar ana tauna ƙuli-ƙuli, kuma ban da wannan ba ka jin komai, ko tsuntsu. Ƙawata ta dunƙula ta sa a baki, ta ce ashe ba ta da daɗi. Ta cusa wata a aljihu, wai za ta kai wa yaran unguwa.

Ta ruga gaba, ni kuma na koma wajen Baba ya ɗaure min takalmi. A nan na ji Baffa yana magana ƙasa-ƙasa.

"Halas, shi ke nan, Alhaji. Iƙamata ta mutu, ba ni da izinin zama, kafili ya ƙi sabuntawa. Ƙarshen wata za mu wuce Nijar. Ni na san can. Yarinyar nan a nan aka haife ta, ko Hausar ba ta ishe ta ba. Ka riƙe min ita, ta tashi tare da 'yarka."

Baba ya gama ɗaurin, amma bai miƙe ba.

"Ba ta cikin takarduna," in ji shi. "In aka gano, da ni da iyalina duk mun tafi."

"Na sani. Na dai ce bari in tambaya."

Baffa ne ma ya kama hannunsa ya tashe shi, ya ce, "Yalla, mu koma, yara sun ji sanyi."

Na ji komai, kuma ban gaya mata ba. Hanya duka tana tsara min abin da za mu yi in mun dawo Jidda, ruwa na ɗiga daga aljihunta. Kwana biyu suka ƙara. Da za ta shiga mota ta ce min sai Sallah, na ce sai Sallah.

Sau biyu Baffa ya kira daga Nijar, daga nan lambar ta daina shiga. Wani ya ce mana sun koma ƙauye. Wani ya ce zazzaɓi ya kashe yarinyar a daminar farko, wani ya ce ba ita ba ce. Bayan mun dawo Jidda, duk wanda ya zo Umra daga yankinsu sai Baba ya neme shi ya tambaya. A ciwonsa na ƙarshe ya ce min, "Ai tabarma ɗaya ta ishe ku, ke da ita." A lokacin ina jin haushinsa.

Yanzu ina unguwar Mahjar da 'ya'ya uku. Maƙwabtanmu na da duk sun watse, waɗanda suka rage kowa na ta kansa. Dukanmu a kan iƙamar maigidana muke, saura wata huɗu ta ƙare, kafilinsa kuma ya daina ɗaga waya. Makon jiya na zauna ina tunanin wanda zan iya roƙo ya riƙe min babbar 'yata. Mutum biyu na samu. Na san amsar da za su ba ni, kuma na san ba zan ga laifinsu ba.