Sulle da Kunnen Karsana

A Beli, idan dabba ta ɓata, wurin Sulle ake fara zuwa. Dillalin shanu ne a kasuwar Rogo, kuma idan ya ga saniya sau ɗaya zai kwatanta ta tun daga ƙaho har kofato: karkatar tozo, farin goshi, tabon cinya. Dagaci ma shi yake kira shaida.

A daminar 1988 karsanar Baraka ta ɓata. Mijinta ya saye ta ta hannun Sulle, bai daɗe ba ya rasu, ita kuwa tana takaba, ba ta san dabbar sosai ba. Sai aka ga wata ja mai kama da ita a garken Liti, wani makiyayi da ke bayan gari.

A gaban dagaci Liti ya ce, "Ranka ya daɗe, a garkena aka haife ta."

Aka tambayi Sulle. Ya ce, "Ta marigayi tana da tsaga a kunnen dama. A duba."

Aka duba, ga tsaga a kunnen dama. Aka ba Baraka karsana. Daga ranar mutane suka daina sayen nono a hannun matar Liti, shi ma a masallaci gaisuwa sama-sama ake yi masa.

Da kaka wasu makiyaya daga wajen Ƙaraye suka zo da wata jar karsana da ta shiga cikin shanunsu, suna cigiyar mai ita. Sulle na ganin ta ya gane ta marigayi ce. Ya tsaya a gabanta, ya miƙa hannunsa na dama ya taɓa tsagar. A nan ya gane kuskurensa. Tsagar tana ta hannun damansa, amma a kunnenta na hagu take. Haka ya tsaya gabanta ranar ciniki, haka abin ya zauna masa a kai.

Ya sanar da dagaci, sannan shi da kansa ya jawo karsanar Liti daga gidan Baraka, ya ratsa gari da ita kansa a sunkuye. A bakin garke ya cire takalmi ya durƙusa.

"Malam Liti, ni na jawo maka. Ka yafe mini."

Liti ya daɗe yana shafa wuyan dabbar. "Ta rame," ya ce. Can ya ƙara da cewa, "Na yafe. Amma ka faɗa a inda ka faɗi na farko."

Ranar Juma'a Sulle ya miƙe a ƙofar dagaci ya faɗi kuskurensa a gaban jama'a.

Ya ci gaba da dillanci har tsufa, sai dai bai sake yarda ya yi shaida ba. Idan ya hango Liti a kasuwa, sai ya bi ta layin masu hatsi. Liti ne ma yakan bi shi ya gaishe shi.